Yadda ake bin saiwar kalma a Quenya da Sindarin har ka haɗa suna da kanka

Yawancin masu shiga wannan harka ta hanya ɗaya suke shigowa, mutum ya kalli fim ko ya karanta littafin The Lord of the Rings, sunaye irin su Elendil da Minas Tirith suka yi masa daɗi a kunne, sai ya buɗe Google ya rubuta kalmar da yake so ya kwafi abin da ya fara fitowa. Nan ake samun kwamacala. Yarukan nan na jinsin Elf (wasu halittu ne masu kama da mutane a labarin), wato Quenya da Sindarin, J.R.R. Tolkien ne ya ƙirƙire su, farfesa ne na tarihin harshe a Jami'ar Oxford da ke Ingila, ya rayu daga 1892 zuwa 1973, kuma bai zauna ya jero kalmomi haka kawai ba. Tsohon yare ɗaya ya fara ginawa mai saiwoyi, sannan ya bar kowace saiwa ta tsufa ta hanyoyi biyu, ɗaya ta zama Quenya mai ƙamshin yaren Finland da Latin, ɗaya ta zama Sindarin mai ƙamshin yaren Wales. In ka iya komawa saiwa to ka iya gane kalmar gaske da ta bogi. Abin da zan nuna maka ke nan.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai layi da biro kala biyu. Kar ka ce a waya za ka ajiye komai, aikin nan yana son ka ja layi ka soke ka sake rubutawa.

Waya ko kwamfuta mai data, saboda Eldamo. Shafi ne na intanet, kyauta, wanda Paul Strack ya haɗa, kowace kalma za ka ga saiwarta da zamanin da Tolkien ya rubuta ta da inda aka samo ta. Akwai kuma Parf Edhellen, shi ya fi sauƙin bincike amma tattaro ƙamusoshi da yawa yake yi wuri guda, don haka sai ka riƙa duba daga ina kowace amsa ta fito.

In kana da hali, littafin The Lost Road and Other Writings wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1987. A ciki akwai sashen da ake kira The Etymologies, jerin saiwoyi ɗaruruwa da Tolkien ya rubuta wajajen 1937. In babu shi ba komai, Eldamo ya kwashe abin da ke ciki. In The Silmarillion na 1977 kake da shi, buɗe can ƙarshe, akwai ɗan gajeren jerin gutsattsarin da ake haɗa sunaye da su, ya ishi mai farawa.

Sai Turanci daidai gwargwado, domin duk fassarorin da Turanci suke. Wanda nasa bai yi ƙarfi ba ya ajiye ƙamus na Turanci da Hausa a gefe, kalma ɗai-ɗai ce za ka riƙa dubawa ba dogon karatu ba. Haruffa masu alama a ka irin su á, ê, ë kuma, danne harafin a kibod ɗin waya za su fito.

1. Zaɓi yare ɗaya tukuna

Kafin ka taɓa komai ka yanke shawara, Quenya ko Sindarin. Rubuta shi a saman shafi da jan biro. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauko rabin suna daga nan rabi daga can ya liƙa.

Gane su ba wuya. Kalmar Quenya yawanci da wasali take ƙarewa, in ma baƙi ne to l, n, r, s ko t, kuma ba za ka taɓa ganin ta fara da b, d ko g ba. Sindarin ita gajeru ne kalmominta, suna ƙarewa da baƙi, cike da th, dh, ch. Don furuci ka tuna haruffan Larabci, th kamar ث, dh kamar ذ, ch kamar خ. Harafin c kuwa a duka biyun k ne, ba c ɗinmu ta "ciki" ba, Celeborn ana cewa Keleborn.

Shawarata ga mai farawa Quenya. Gaɓoɓinta a buɗe suke, bakin Bahaushe ba ya wahala da su, kuma farkon kalma ba ya rikiɗa maka kamar yadda za ka gani a Sindarin nan gaba.

2. Raba shafinka gida huɗu

Ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Gidan farko saiwa, na biyu Quenya, na uku Sindarin, na huɗu ma'ana da Hausa tare da zamani. Saiwa da manyan baƙaƙe ake rubuta ta, haka Tolkien ya yi haka kowa ke yi. Ko da yare ɗaya ka zaɓa ka cike gidajen biyu, don ɗaya ke tona asirin ɗaya.

Fara da waɗannan. MEL ƙauna, Quenya melmë ƙauna da meldo aboki, Sindarin meleth da mellon. TIR kallo ko gadi, daga nan palantír ta fito, abin da ke hango nesa, da tirith ta Minas Tirith, hasumiyar gadi. MOR duhu, shi ne a Mordor da Moria. SIR gudanar ruwa, sírë da sîr, kogi. NEN ruwa. EL tauraro, elen da êl. KAL haske, cala da calad.

Wanda ya yi sarfu a Islamiyya zai ce ai wannan irin ta Larabci ce, baƙaƙe uku. Akwai kama amma kar ka ɗauke ta gaba ɗaya. A nan wasalin yana cikin saiwar, ba ya fita. KAR yi ne, KIR yanka, KOR abu mai zagaye. In ka canza wasali ka koma wata saiwa daban, cirya jirgin ruwa mai tsaga ruwa daga KIR take, corma zobe daga KOR.

3. Koyi dokokin sauyin sauti

Nan ne ainihin aikin yake kuma nan ya kamata ka daɗe. Abin kamar yadda Basakkwace ke cewa zamna Bakano ya ce zauna ne, kalma ɗaya ce wani baki ya riƙe tsohon sautin wani ya sauya shi, kuma sauyin ba a kalma ɗaya yake tsayawa ba, ka ji samro da sauro. Haka Tolkien ya tsara nasa, doka ce mai bin duk kalmar da ta shigo hanyarta.

Ta farko, tsohon kw. Quenya ta riƙe shi tana rubuta qu, Sindarin ta mai da shi p. Saiwar KWET magana, Quenya quetta kalma, Sindarin peth. Dunƙulallen hannu, quár da paur. Da zarar ka ga kalmar Sindarin ta fara da p sai ka leƙa ƙarƙashin KW tukuna.

Ta biyu, g a farkon kalma. Quenya ta yar da shi. Itace a Sindarin galadh, a Quenya alda. Dutse gond, Quenya ondo, shi ya sa birnin Gondolin a Quenya sunansa Ondolindë. Wannan tana yawan ɓatar da masu farawa, mutum ya ga alda ya yi ta nema ƙarƙashin A alhali saiwar GALAD ce tana can ƙarƙashin G.

Ta uku ita ta fi ba ni sha'awa. Tsohon yaren yana da kalmomi masu farawa da mb, nd, ng, irin farkon da kake ji a Fulatanci. Ba wanda ya riƙe su duka a cikin yarukan biyu, sai suka raba gado, Quenya ta ɗauki na hanci Sindarin ta ɗauki ɗayan. MBAR gida, Quenya mar, Sindarin bâr. NGOL sani, Quenya Noldo, Sindarin Golodh, kabila ɗaya ce suna ɗaya ne amma in ba ka san dokar ba wallahi ba za ka taɓa haɗa su ba. Yamma, númen da dûn. Kurkuku, mando da band, shi ya sa Angband kurkukun ƙarfe a Quenya Angamando ne.

Sauran gajeru ne. Tsohon th ya zama s a Quenya, wata Isil ne a nan, Ithil a can. Sautukan p, t, k in suka zo bayan wasali a Sindarin suna laushi su koma b, d, g, uba atar ne a Quenya, adar a Sindarin. Wasalin ƙarshe Sindarin ta cinye shi, mírë da mîr dutse mai daraja, lassë da lass ganye. Dogon a kuma ya koma au, nár da naur wuta.

Gwada su duka a suna ɗaya. Celebrimbor, maƙerin da ya ƙera zobba, a Quenya Telperinquar. Da farko kamar ba su san juna ba. Raba shi, celebrin na azurfa, sai paur dunƙulallen hannu wanda ya lanƙwashe ya zama bor a ƙarshen suna. A ɗaya gefen telperin da quár. To ga kw da p, ga dogon a da au, ga p ta saiwar KYELEP, azurfa, ta koma b a celeb. In ka iya warware wannan ba tare da ka leƙa ba to ka wuce mataki na uku.

4. Duba zamanin kalmar

Kar ka tsallake wannan ko kana sauri. Tolkien ya fara aikin nan wajajen 1915 kuma har ya mutu bai daina canzawa ba, kusan shekara sittin. Kalma ɗaya tana iya samun ma'ana uku a takardu uku. Eldamo ya raba zamanin gida uku, na farko 1910 zuwa 1930, na tsakiya 1930 zuwa 1950, na ƙarshe 1950 zuwa 1973, kuma yana sa ƙaramin harafi a gaban sunan yaren don ya nuna maka, E na farko, M na tsakiya, babu komai na ƙarshe.

Dokar da nake bi, na ƙarshe shi ne gaba. In babu a na ƙarshe sai na tsakiya. Na farko kuwa, wanda ake rubuta Qenya ba u da kuma Gnomish, magabacin Sindarin, kusan wani yare ne daban, ka bar shi sai ka ƙware.

Akwai tarko a cikin The Etymologies kansa. Ba za ka ga Sindarin a ciki ba, Noldorin za ka gani da alamar N, domin a lokacin sunan yaren ke nan, sai daga baya Tolkien ya canza masa suna da tarihi. Yawancin kalmomin sun tsallako lafiya amma wasu sai an gyara, misali ganye a can lhass ne, a Sindarin lass. Kuma rubutun hannun Tolkien mugun wuyar karantawa gare shi, shi ya sa mujallar Vinyar Tengwar ta fitar da gyare-gyaren wancan jerin a fitowa ta 45 da ta 46. Tsofaffin shafukan intanet da yawa ba su ɗauki gyaran ba, suna nan da kurakuran har yau.

Rubuta zamanin a gida na huɗu kowane lokaci. Bayan wata biyu ba za ka tuna daga ina ka samo ba.

5. Kar kama ta ruɗe ka

Kalmomi biyu su yi kama ba yana nufin saiwarsu ɗaya ba. Shahararren misali galadh itace da galad ƙyalli. Mutanen dajin Lórien sunansu Galadhrim, mutanen itace, sarauniyarsu Galadriel, sai kowa ya ɗauka ita ma daga itace ne. A'a, nata daga ƙyalli ne, budurwa mai rawanin haske, saboda gashinta. Harafin h guda ɗaya ne ya raba su. Hanyar tantancewa ita ce ka duba gidan Quenya, itace alda ne, sunanta kuwa Altáriel.

6. Haɗa suna a Quenya

Yanzu ka zo inda kake so. Suna yawanci saiwa ce da ɗafa-ƙeya. Waɗanda aka fi amfani da su, ndil masoyi ko aboki, ndur bawa ko mai hidima, ion ɗa, iel 'ya, wen budurwa.

In kalmar farko da wasali ta ƙare, liƙa kawai. Vala da ndil, Valandil. Orne itace da ndil, Ornendil, duka biyun suna cikin jerin sarakuna da 'ya'yan sarakuna na Tolkien. In da baƙi ta ƙare sai ka yi hattara, Quenya ba ta son cunkoson baƙaƙe uku. Elen da ndil, n biyu suka haɗu suka zama ɗaya, Elendil. Isil da ndur, lnd ba ya yiwuwa sai n ta faɗi, Isildur. Eär teku da ndil kuwa wasali ne ya shiga tsakani, Eärendil. Hanyoyi uku ke nan, akwai kuma inda d ce ke faɗuwa, kamar a Eärnur.

A ce kana son suna mai ma'anar masoyin kogi. SIR, sírë, zamani ya yi, ta ƙare da wasali, sai ka samu Sírendil. Rubuta shi da tauraro a gaba, *Sírendil, da jan biro. Tauraron yana nufin kai ka haɗa, ba daga Tolkien ya fito ba. Masu wannan harka suna ɗaukar wannan alama da muhimmanci sosai kuma suna da gaskiya, rashin sa ta ne ya cika intanet da kalmomin da ba a san ubansu ba.

Kafin ka yarda da abin da ka haɗa nemo suna na asali mai irin ginin. In ka samu biyu ko uku to kana kan hanya, in ba ka samu ko ɗaya ba ka sake dubawa. Sannan ka furta shi da ƙarfi. Nauyin murya yana sauka a gaɓa ta biyu daga ƙarshe in tana da dogon wasali ko baƙaƙe biyu na bin ta, in ba haka ba sai ya koma ta uku, don haka e-LEN-dil, i-SIL-dur, sí-REN-dil.

7. Haɗa suna a Sindarin

A nan akwai ƙarin aiki. Farkon kalma yana laushi in ta biyo wata, musamman sifa bayan suna ko kashi na biyu na harɗaɗɗiyar kalma. Ka haddace, p ta koma b, t ta koma d, c ta koma g, b da m su koma v, d ta koma dh, s ta koma h, g kuma ta ɓace gaba ɗaya.

Taswirar Tolkien cike take da misalai. Calen kore ne, amma tsibirin Tol Galen da filin Parth Galen. Morn baƙi, amma dajin Eryn Vorn. Tirnen wanda ake gadi, amma Talath Dirnen. Sad wuri, amma Calenhad. A maganar da Gandalf ya yi a ƙofar Moria akwai lasto beth lammen, saurari kalmar harshena, wannan beth ɗin peth ce da muka gani ɗazu. Don haka in kana son koren tudu, amon da calen, ba Amon Calen ba ne, *Amon Galen ne. Sifa a baya take zuwa.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa mai farawa ke neman kalma a ƙamus ya rasa. Ka ga vorn, ba za ka same ta a V ba, juya dokar baya ka gwada M da B. Ka ga kalma ta fara da wasali inda ba ka zata ba, gwada sa mata g.

Jam'i ma yawanci ba ɗafi ake sa masa ba, wasulan ciki ne ke juyawa. Adan mutum, edain mutane. Amon tudu, emyn tuddai. Orch, yrch. Sifa ita ma tana bin sunan, shi ya sa korayen tuddai na Gondor Pinnath Gelin ne, calen ta zama celin don jam'i sannan ta yi laushi ta zama gelin, sauyi biyu a kalma ɗaya. Tolkien kansa ba ko'ina ya bi dokar laushin nan ba, za ka ci karo da sunayen da ba su yi laushi ba, amma kai da kake koyo bi dokar.

8. In kalmar babu ita kwata-kwata

Zai faru, kuma da wuri. Mutumin bai bar cikakken ƙamus ba, abubuwan da labaransa ke buƙata ya fi rubutawa, taurari da takubba da itatuwa sun yi yawa, kayan kicin da na kasuwa kaɗan ne.

Abu na farko ka sauya ma'anar kaɗan. Babu kalmar da kake so, akwai makusanciyarta? Yawanci akwai, kuma wannan ya fi komai aminci. Na biyu, in akwai ta a ɗaya yaren ko akwai saiwar, bi dokokin mataki na uku ka fitar da ita, ka sa tauraro. Na uku, ka duba ko wani ya riga ya ƙirƙira, Eldamo yana da sashen sababbin kalmomi masu alamar N ƙarama a sama, abin da ake kira Neo-Quenya da Neo-Sindarin. Ba laifi ba ne amfani da su, zantukan Elf na fina-finan The Lord of the Rings da Peter Jackson ya shirya daga 2001 zuwa 2003 ma da yawansu masanin harshe David Salo ne ya gina su ta wannan hanya. Illa dai ka san abin da ka ɗauka, kar ka je kana musu da mutane cewa Tolkien ne ya faɗa don ka ji a fim.

Abin da ba na ba da shawara shi ne shafukan da za ka zuba musu jimla su ba ka "fassarar Elvish" nan take. Da yawansu haruffa kawai suke canzawa zuwa Tengwar, rubutun Elf da Tolkien ya ƙirƙira, Turancinka na nan yadda yake an dai sa masa wata riga. Wasu kuma daga jerin Grelvish suke kwasowa, wani haɗe-haɗe da masu wasannin intanet suka yi wanda ba ya bin dokar sauti ko ɗaya. In ka ga kalmar da aka ce Quenya ce ta fara da b ko d, ko tana ɗauke da alamar ɗauke-murya a tsakiya barkatai, rufe shafin ka koma gida na farko na littafinka ka nemi saiwar.